Ra'ayi: Kafin a sauke buwat, a fara gano abin da ke damun ambirayaj

Duk ɗan ci-ranin da ya bar mota a gida domin hidimar iyali ya san irin wannan saƙon murya da ke shigowa WhatsApp da dare: "Yaya, ina wuni. Motar nan fa ta daina ja, makanike ya ce ambirayaj ne, sai an canza." Yayan yana Abijan, ko Tiripoli, ko wani gari na Faransa, ba ya ganin motar, ba ya jin ƙararta. Ya tambayi kuɗi, a faɗa masa, ya tura. Bayan wata huɗu ko biyar sai wani saƙon ya sake zuwa, kuma maganar dai ta ambirayaj ce. Daga nan zargi ke farawa. Yaya na tunanin ƙanensa ya ci rabin kuɗin, ƙane na cewa mai garaji ne ya cuce su, mai garaji kuma na rantsuwa cewa abin da aka ba shi kuɗinsa shi ya saka.

A mafi yawan irin wannan rigima babu ɓarawo a cikin mutanen uku. Abin da ya faru shi ne an tsallake bincike an faɗa gyara, sannan da aka zo gyaran aka yi rabinsa. Ambirayaj, wanda a ƙetaren iyaka ake ce wa kuloci, na cikin sassan mota ƙalilan da mai ita zai iya gwadawa da kansa cikin minti goma ba tare da ya riƙe sufana ba. Saboda haka bai kamata iyali su yarda a sauke musu buwat ba sai an yi wannan gwajin, idan kuma sauke ta ya zama dole, to a yi aikin gaba ɗaya a sauka guda.

Abin da ke tsakanin inji da buwat

A motar da ake canza wa bitesi da hannu, irin Corolla, Starlet, Carina, Golf da Peugeot da suka cika titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, inji ba ya haɗe da tayu kai tsaye. A bayan injin akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da makanikai ke kira bolan, wanda ke juyawa muddin inji na aiki. A jikinsa ake manna disk, wani faifai mai fata a fuska biyu irin ta birki, wanda ke zaune a kan sandar da ke shiga buwat. Abin da ke danne disk ɗin a jikin bolan shi ne falato, murfin ƙarfe mai sifirin mai ƙarfi. Idan direba ya taka feda, wani ƙaramin boris da ake kira bute ya tura tsakiyar sifirin ɗin, falato ya saki disk, inji ya rabu da buwat, a samu damar canza bitesi. Idan ya ɗaga ƙafa, falato ya sake matsewa, ƙarfin inji ya wuce zuwa tayu.

Zamewa na nufin matsewar nan ta daina isa. Bolan na juyawa da ƙarfinsa, disk kuma na sulɓewa a jikinsa maimakon ya bi shi, sai ƙarfin da ya kamata ya tafi ga tayu ya koma zafi. Shi ya sa direba ke jin inji na kuka mota kuma ba ta ƙara gudu, yana jin wari kamar na birkin da ya ƙone, esansi kuma na ƙarewa da wuri fiye da yadda aka saba.

Gwajin da ba ya cin ko dala

Gwaji na farko a kan hanya ake yin sa. A samu gudro miƙaƙƙe marar cunkoso, a sa bitesi na huɗu ko na biyar ana tafiyar kilomita 50 zuwa 60 a awa, sannan a taka totur har ƙasa. A mota mai lafiya allurar juyin inji da allurar gudu tare suke hawa, a hankali. Idan allurar inji ta yi tsalle sama ta bar ta gudu a baya, ko kuma a motar da ba ta da wannan allura aka ji ƙarar inji ta tashi ba tare da mota ta yunƙura ba, to ambirayaj na zamewa. A babban bitesi ake fara ganin cutar, domin a nan ne ake ɗora wa disk nauyi mafi yawa. Motar da ke zamewa tun a bitesi na ɗaya ko na biyu ta riga ta yi nisa.

Na biyu a tsaye ake yin sa, a fili, ba mutum ko bango a gaba. A ja birkin hannu sosai, a sa bitesi na uku, a ɗan ba ta wuta, a saki feda sannu a hankali. Idan ambirayaj na da ƙarfi inji zai mutu nan take. Idan an saki feda gaba ɗaya inji kuma ya ci gaba da aiki, disk ba ya kamawa. Wannan gwajin daƙiƙa biyu ko uku ya ishe shi, kuma ba a maimaita shi don nishaɗi, saboda shi kansa yana cin fatar disk.

Na uku da hannu ake yin sa, inji a kashe. A danna fedar ambirayaj da yatsu. Ya kamata ta ɗan tafi a sake, ba nauyi, kafin a ji ta fara turjiya. Ga Corolla da yawa, littafin gyara na Toyota ya sa wannan sakin tsakanin milimita 5 zuwa 15. Idan babu shi sam, feda ta yi tauri tun daga sama, to akwai yiwuwar bute na danne da falato ko da ƙafar direba ba ta kai, kamar dai wani ya ɗora ƙafa a kan fedar dare da rana. A motocin da waya ke ja musu ambirayaj, sassauta goro ɗaya na iya kawar da zamewar gaba ɗaya. A masu amfani da ruwan birki kuma, sandar da ke bayan feda ce aka ɗaure fiye da kima, ko ƙaramin famfon da ke sama ya toshe ya hana ruwa komawa. Duk waɗannan gyare-gyare ne na waje, ba sa bukatar a taɓa buwat. Iyalin da aka sauke wa buwat kan abin da goro ɗaya zai warware sun yi asarar kuɗin da ba dalili.

Haka kuma ba duk ciwon ambirayaj ne zamewa ba, kuma bambanta su na rage wahala. Idan bitesi na ƙin shiga ko yana gurnani, musamman na ɗaya da na baya, feda kuma ta yi laushi ko ta zauna ƙasa, wannan rashin saki ne, kuma yawanci yoyon ruwa ne ko iska ta shiga bututu. Ƙarancin ruwa ba ya sa zamewa. Idan mota na karkarwa lokacin tashi, a duba robobin da ke riƙe da inji kafin a ɗora laifi a kan disk. Idan ana jin ƙara sai an taka feda, bute ne. Idan kuma ƙarar na nan a lokacin da mota ba ta cikin bitesi, tana ɓacewa da zarar an taka feda, to abin ya fi kama da boris na cikin buwat. Makaniken da ya saurari duk waɗannan ya ce "ambirayaj ne" kawai, bai gama aikinsa ba.

Kafin a kwance komai, a leƙa ƙarƙashin mota, daidai inda inji ya haɗu da buwat. Idan wurin a jiƙe yake da mai, an samu babban wanda ake tuhuma. Akwai robar hana yoyo, wadda ake kira juwan-sipi, ɗaya a bayan inji, ɗaya a bakin buwat. Idan ɗayansu ta tsufa, mai na zuba a kan disk, fatar ta sha, ta daina kamawa ko da sabuwa ce. Man inji baƙi ne, na buwat kuma yana da wani wari mai hawa kai, don haka ana iya gane wacce ce ta saki.

Tsadar aikin a sauke buwat take

A ƙananan motocin da tayun gaba ke ja, kafin a kai ga disk sai an cire batir, a cire demarer, a zubar da man buwat, a zare kardan biyu, a tokare inji, a kwance robobinsa, sannan a zare buwat ɗin a sauke. Aikin rabin yini ne zuwa yini guda ga maigida da yaransa. Wannan wahalar ɗaya ce, ko disk kaɗai za a canza ko duka. A nan ne lissafin yawancin iyalai ke karkacewa. Suna duba kuɗin piyes, su zaɓi mafi araha, su manta cewa duk abin da aka bari a ciki yana iya sa a sake biyan kuɗin sauka da hawa.

Disk da falato da bute tare suka yi shekarunsu, tare suka sha zafi. Sifirin ɗin falaton da ya daɗe yana gasuwa ya yi sanyi, ba zai matse sabon disk yadda ya kamata ba, kuma sabon zai fara zamewa tun bai tsufa ba. Bute shi ne mafi araha a cikin ukun, amma idan ya fara kuka bayan wata biyu, sai an sake sauke buwat kafin a kai gare shi. Wannan ne dalilin da ya sa manyan kamfanonin da ke ƙera su, irin Aisin, Exedy, Valeo, Sachs da LuK, ke sayar da su a kwali ɗaya. Juwan-sipi ma haka. Ƴar roba ce da kuɗinta bai kai na esansin kwana biyu ba, amma idan tana yoyo aka bar ta, ita ce za ta kashe sabon disk. Mafi yawan labaran "an canza ambirayaj ya sake lalacewa" idan aka bi su, a ɗaya daga cikin waɗannan ukun suke ƙarewa.

Shi ma bolan sai an dube shi. Idan fuskarsa ta yi shuɗi saboda zafi, ko ta yi tsaga, ko ta yi kwari, a kai shi wurin masu gyaran fuskar ƙarfe ko a canza shi. Masu motocin gazuwal ƴan Turai, irin Avensis, Golf da Passat, su sani cewa da yawansu na ɗauke da bolan mai gida biyu da sifirin a tsakiya, wanda aka fara saka wa motoci a shekarar 1985. Irin wannan ba a goge shi, kuma idan ya yi sako-sako kuɗinsa na iya wuce na sauran kayan gaba ɗaya. Gara iyali su ji wannan labarin kafin a kwance mota, da su ji shi tana kan duwatsu a garaji.

Tsohon disk ɗin kansa shaida ne. Fatarsa da ƙusoshi aka kafe ta, kuma idan ta cinye har ta zo daidai da kawunan ƙusoshin, ya gama aiki. Toyota ta sa iyakar a milimita 0,3. Idan kuwa aka fito da disk da sauran nama a jikinsa amma ya yi baƙi yana naso, mai ne ya kashe shi. Idan da nama kuma a bushe, to a tuhumi falato ko saitin feda. Mai mota na da haƙƙin a nuna masa wannan, a kuma ba shi tsofaffin kayansa ya tafi da su.

Uzurin masu garaji

Makanikai na da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa mai mota ne ke zuwa da ƴan jikkunan da ba su kai kuɗin kwali ba, ya ce a yi dabara. Idan suka ƙi, garajin da ke gaba zai karɓa. Kuma gaskiya ne piyes ya yi tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyakar Gaya da Malanbil, hanyar da motoci da kayan gyara ke bi daga tashar Kwatano, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkuminta a Fabrairun 2024 gadar ba ta koma aiki ba. Kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, hanya mai tsawo da haɗari, kuɗin kuma a kan mai saye yake ƙarewa. Maraɗi da Damagaram na da sauƙin kusanci da Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ke cike da kaya, sai dai a duk babbar kasuwa mai kyau da jabu a kwali iri ɗaya suke zuwa.

Don haka babu laifi a yi gyara daidai aljihu. Falato ɗan okaziyo na asali, wanda aka ciro daga motar da ba ta yi nisa ba, sau da yawa ya fi sabon jabu ƙarko. Sake wa disk fata, wanda masu wannan sana'a suka daɗe suna yi, na iya riƙe ɗan taksi har ya tara kuɗi. Laifin yana wurin da ake yin dabarar ba a faɗa ba. Idan aka sa disk mai sabuwar fata aka bar tsohon falato, a gaya wa mai mota ƙarara cewa wannan na wucin gadi ne, kuma zai sake biyan kuɗin aiki nan gaba. Shi ya zaɓa da saninsa. Masu iya magana sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, amma wanda ba a nuna wa nagarin ba, ba a ce ya ƙi saye ba.

Akwai kuma lafiyar yaran garaji. Fatar birki da ta ambirayaj ta da ana yin ta da ma'adinin asbestos, wanda ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da kansa bayan shekaru. Faransa ta haramta shi a 1997, Tarayyar Turai baki ɗaya a 2005. Fatar da ba a san inda aka yi ta ba, babu mai iya rantsewa a kan abin da ke cikinta. Yaron da ke hure ƙurar cikin buwat da iskar kwamfuresa yana shaƙa, shi ke biyan wani ɓangare na wannan arahar. Jiƙaƙƙen tsumma ya isa ya share wurin.

Jinkiri ma yana da nasa farashi

Wasu iyalan kuma ba rabin gyara ne matsalarsu ba, ɗage shi ne. Tun da motar na tafiya a cikin gari, ana kai yara lakwal ana zuwa kasuwa, sai a ce a bari bayan salla. A cikin gari zamewa ba ta cika nuna kanta ba, domin ƙananan bitesi ake amfani da su. Ranar da za ta nuna kanta ita ce ranar da aka cika mota da mutane da kaya za a je biki ko gaisuwar rasuwa, an hau babbar hanyar ƙasa ta ɗaya tsakanin Maraɗi da Tasawa ko Ƙonni da Dogon Dutsi, direba ya fito zai wuce kamiyo, ya ba ta wuta, inji ya yi kururuwa mota kuma ta ƙi gaba, ga wata babbar mota ta taho. Hanyar layi biyu ce kawai, kuma lissafin wuce mota a kanta ya dogara ne da ƙarfin da direba ke zaton yana da shi.

Ko ba a kai ga haɗari ba, kowane kilomita da aka yi da disk mai zamewa yana gasa falato da bolan. Gyaran da da farko kwali ɗaya zai ishe shi sai ya koma har da bolan. Idan kuma disk ya ƙare ƙaf a tsakanin Agiye da Gazawa da tsakar rana, a ƙara kuɗin jan mota da na kwanan iyali a hanya.

Ƙafar direba

A hannun mai kula, ambirayaj na iya wuce kilomita 100.000 ba a taɓa shi ba. Motar gida kuwa ba hannu ɗaya gare ta ba. Maigida na tuƙa ta, uwargida na tuƙa ta, ƙane na fita da ita da dare, a cikinta kuma ɗan da ke neman permi ke koyo. Ɗabi'un da ke kashe disk sanannu ne. Akwai ɗora ƙafar hagu a kan feda ana cikin tafiya. Akwai riƙe mota da rabin feda a cunkoson gadar Kennedy ko a hawa, maimakon a ja birkin hannu. Akwai tashi da bitesi na biyu saboda ƙyuya, da lodin buhunan hatsi fiye da ƙarfin mota. Mafi muni a garuruwan ƙasar nan shi ne rairayi da lakar damina. Idan mota ta kafe a lungun unguwa, direba ya yi ta ba ta wuta yana wasa da feda, minti biyar na wannan na iya cinye abin da tafiyar wata shida ba ta ci ba. A sauko a tone gaban tayu, a rage musu iska, a kira matasan fada su tura, ya fi sauƙi a kan aljihu.

Makarantun koyon tuƙi na koya wa ɗalibi yadda zai riƙe mota da rabin feda domin ya ci jarrabawa, ba sa gaya masa cewa wannan dabara ce ta daƙiƙa biyu. Ya dace su ƙara darasi ɗaya a kan alamomin zamewa. Cibiyoyin koyon sana'a da asusun FAFPA, da ke tallafa wa horar da yaran garaji, su ma suna da rawar takawa, domin yaron da ya iya sauke buwat amma bai iya gano ko ya kamata a sauke ta ba, rabin sana'a aka ba shi.

Shi kuma ɗan ci-rani, nisa bai hana shi komai ba. Wayar da aka turo masa saƙon neman kuɗi da ita za ta iya ɗaukar bidiyon allurai biyu a lokacin gwaji, da hoton ƙarƙashin mota, da na kwalin da aka sayo kafin a buɗe shi, da na tsohon disk da falato da bute a jere a ƙasa. Zai iya neman a rubuta masa kuɗin piyes daban, kuɗin aiki daban, ya kuma tambayi mai garaji da bakinsa: "Malam, an duba juwan-sipi? Bolan fa, yaya fuskarsa take?" Makanike mai gaskiya ba ya jin haushin irin wannan tambaya, domin ita ce ke wanke shi idan wani abu ya taso daga baya, kuma ita ce ke wanke ƙanen da aka damƙa wa kuɗin. Bayan an gama, a lallaɓa motar na ƴan ɗaruruwan kilomita ba lodi ba fizga har sabon disk ya zauna, sannan a koma garaji a sake duba sakin feda kafin a yi doguwar tafiya da iyali.